Dankalin turawana yana yaushi bayan sati 6, wa ya taɓa gamuwa da iri mai ciwo?

Mai garka, Arkilla

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya faɗa mini yadda ya yi. Ina da 'yar garka a bayan gida, tsawonta taku 12, faɗinta taku 8. Shekara 4 ke nan ina sa tumatir, tattasai, salak da albasa a cikinta duk hunturu. Bana na ce bari in gwada dankalin turawa. A tsakiyar Nuwamba na sayi kwano 2 wurin wani mai kayan gwari a kasuwa, na tsinci waɗanda suka fara tsiro, manyan na raba su biyu da wuƙa, na shuka kunya 5.

Ya fito kore shar, har maƙwabta suna leƙowa. To tun satin da ya wuce gindi 3 a kunyar tsakiya suka fara yaushi da rana, da dare su miƙe. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Yanzu sun kwanta gaba ɗaya, ganyen bai ma yi rawaya ba, da korensa ya langaɓe. Yau da safe na ga wasu 2 a ƙasa da su sun fara. Tumatir ɗina yana kunyar da ke kusa, kuma abin da ya fi damuna ke nan.

Uwargida daga Mabera

Wa alaikumus salam. Malam, ba zafin rana ba ne kuwa? Ni bara nawa haka ya riƙa yi, da azahar ya yi laushi, da la'asar sakaliya ya dawo. Na yi masa rumfa da tsohon gidan sauro ya warware. Dankalin nan ɗan Jos ne, ranar Sakkwato ko a hunturu ba ta barinsa.

Mai garka, Arkilla

Hajiya, da farko ni ma haka na zata. Amma da rana ce ai duk kunyoyin za ta buga. Waɗannan a jere suke mutuwa, kuma ta inda ruwa yake gangarawa.

Baba na Kwalkwalawa

Ɗana, bari ƙara ruwan nan tun yau. Abin da kaf faɗi, na gane shi tun ba ka ƙare ba, don ya taɓa cin mini fangali huɗu cikin fadama. Ga abin da za ka yi kahin ka yi komi: tuge gindi guda cikin waɗanda sunka kwanta, ka yanke karan kusa ga ƙasa, ka samu kofin gilashi da ruwa mai haske, ka rataya guntun karan ciki, bakin yankan na taɓa ruwa. Kak ka motsa kofin. In ka ga wani hwarin zare kamar hayaƙi shina sauka daga bakin karan, to ciwon yaushi na, wanda babu maganin heshi da ka kashe shi. Sannan ka tona ɗiyan da ag gindin, ka raba guda biyu. Za ka ga zobe mai ruwan ƙasa daga ciki kusa ga ɓawo, in ka matsa, wani hwarin ruwa mai yauƙi kamar mugunya shi hito. Wani lokaci tun daga waje ana ganewa, don idon dankalin shina jiƙe, ƙasa ta liƙe mai.

Ni shekarar da yas same ni, iri na saye mai kyawon gani, sumul, babu tabo. Da munka ga yaushi sai munka yi ta ban ruwa daga fangali zuwa fangali kamar yadda munka saba, ashe mu da hannunmu muke raba ciwon. Wurin nan shekara uku ban ƙara sa tumatir ko tarugu ba, sai albasa da masara.

Mai garka, Arkilla

Baba, na yi yadda ka ce. Ban kai minti 5 ba farin zaren ya fara sauka. Dankalin ma da zoben. Innalillahi. Yanzu mene ne abin yi?

Tsohon malamin gona, Runjin Sambo

Allah Ya mayar da alheri, Malam. Baba ya gano ciwon daidai, bari in ƙara abin da na gani a shekarun da na yi ina yawon gonaki, don akwai abin da ke ruɗa mutanenmu a nan.

Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, sunanta a littafi Ralstonia. Tana shiga jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye ta toshe su, shi ya sa shukar ke mutuwa da ƙishirwa alhali ƙasa jiƙe take. Farin zaren da ka gani a kofi su ne ƙwayoyin suke fitowa. Abin da ke ruɗarwa shi ne, dankalin da muke saye kusan duk daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin, ƙasar da ta haura mita 1,200 a sama da teku. A wuri mai sanyi irin wannan ciwon yana iya kwanciya cikin dankali bai nuna kansa ba, manomin ma bai san yana da shi ba. Da an kawo shi Sakkwato, inda tudunmu bai fi mita 300 da 'yan kai ba, aka binne shi a ƙasa mai ɗumi ana ban ruwa, sai ya farka. Saboda haka ba lalle mai kayan gwarin ya cuce ka da gangan ba. Shi dankalin ci ya sayar maka, kai kuma ka mayar da shi iri.

Wuƙar ma ta taimaka. Ka yanka mai ciwo guda ɗaya, ka ci gaba da ita a kan sauran, ka shafa wa goma. Ni tun da na ga haka a gonar wani dattijo a gefen Gulbin Rima na daina ba kowa shawarar yanka iri. A nemi ƙanana masu girman ƙwan kaza a shuka su ɗungurungum. In dole sai an yanka, a riƙa tsoma wuƙar cikin ruwan bilic, kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa, ko a kara ta a wuta tsakanin kowane dankali da na gaba.

Abin yi yanzu: duk gindin da ya nuna alama ka tuge shi da saiwarsa da 'ya'yansa da ƙasar da ke riƙe da shi, ka zuba a buhu tun a wurin don kada ka yi ta zubar da ƙasar a hanya. Na kusa da shi hagu da dama ma ka cire, ko da suna da kyau a ido. Kada ka jefa a bola ko ramin taki. Ka shanya a kan kwano ko siminti ya bushe ka ƙone, ko ka yi rami mai zurfi nesa da garka ka binne. Ka datse hanyar ruwa tsakanin dankalin da tumatir yau ɗin nan, kowace kunya ka ba ta ruwa da bokiti ko butar ban ruwa, kaɗan kaɗan, kada ya gudana. Fartanya da takalmin da ka shiga wurin da su ka wanke su da ruwan bilic kafin ka taka wajen tumatir. Tumatir, tattasai, tarugu, yalo da gauta duk dangi ɗaya ne da dankalin turawa, ciwon yana kama su. Har gautan kaji da ke fitowa da kansa a gefen katanga yana ɓoye shi, a riƙa tuge shi.

Ɗan kasuwa, Gawon Nama

Malam, ni fa da toka na yi maganin nawa. Duk ramin da na tuge mai ciwo sai na cika shi da habɗin murhu, kuma abin ya tsaya. Iri ma kafin in shuka sai na birkiɗa shi a toka. Kakanninmu da ita suke adana komai.

Tsohon malamin gona, Runjin Sambo

Alhaji, zuba toka a ramin da aka tuge ba laifi ba ne, manoma da yawa suna yi, kuma tana busar da bakin yanka. Amma ina ganin tugewar da ka yi da wuri ce ta tsayar maka da shi. Toka ba ta shiga cikin dankali ta kashe abin da ke jijiyarsa. Kuma a yi hattara da yawanta a kunyar dankali, tana rage tsamin ƙasa, shi kuma ciwon ƙazuwar ɓawo, wanda ke sa jikin dankali ya yi kaushi kamar kirci, irin wannan ƙasar yake so.

Ɗan kasuwa, Gawon Nama

To wannan na ƙarshen kam na gan shi a nawa, ɓawon ya yi borin-borin. Ban taɓa haɗa shi da tokar ba.

Maman 'yan biyu, Gidan Igwai

Sannu Malam, Allah Ya sa iyakar asarar ke nan. Ni nawa daban ne da naka, amma shi ma daga iri ya zo, bari in faɗa ko wata za ta amfana.

Shekara 2 da suka wuce ƙanwata da ke aure a Jos ta aiko mini da iri a mota, cikin buhun leda, bakin a ɗaure. Ya kwana 2 a hanya, ya zo na ajiye shi a kicin ban kwance ba har kwana 4, ina jiran a gama gyara mini kunyoyi. Ranar da na buɗe, warin da ya buge ni sai da na fita tsakar gida. Na ƙasan sun narke sun zama kamar kunu. Abin ya yi mini ciwo, don yarinyar nan da kuɗinta ta saya, ta biya mota. Sai na tsince masu tauri, na wanke su da ruwa, na shuka a jiƙe a ranar. Wankin nan shi ne babban kuskurena, ban sani ba sai daga baya. Ruwan ya shafa ruɓar a jikin duka. Fiye da rabi ba su fito ba, na tona na tarar sun ruɓe a rami. Waɗanda suka fito kuma, wasu gindin karansu ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa tawada, ya yi laushi, ganyen ya yi rawaya, ka ja kaɗan ya tsinke a hannunka.

Bara na sake, amma na ce mata ta sa a kwando ko buhun albasa mai raga. Yana isowa na baje shi a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa, ɗaya bai hau kan ɗaya ba. Kullum da safe in bi su da hannu ina juyawa. Wanda ya yi laushi, ko yake tsatsar ruwa, ko ya motse ya yi rami da farar funfuna a ciki, in fitar da shi. Sati 2 na yi ina wannan, cikin guda 60 na zubar da 9. Sauran suka yi gajeren tsiro mai kauri, kore-kore, ba irin farin dogon nan da ke fitowa a duhu ya karye da an taɓa ba. Ban wanke ba, ban yanka ba. Na samu abin da muka ci har muka ba maƙwabta.

Sai dai zancen gaskiya, da irin ciwon da ya kama naka ne, wannan zaɓen nawa ba lalle ya kama shi ba, tunda malamin gona ya ce a ɓoye yake zuwa.

Tsohon malamin gona, Runjin Sambo

Haka ne Hajiya. Abin da nake yi ni, cikin kowane kwano sai in sadaukar da guda 5 ko 6, in raba su in duba ciki. In na ga zobe ko a guda ɗaya, duka kwanon ya tafi tukunya, ba ya shiga ƙasata. Ba ya kama duka, amma ya sha ceto na. Akwai kuma wanda za ka yanka ka ga ƙarƙashin ɓawon ya yi ja-ja kamar tsatsa, a bushe, yana cin naman ciki. Wannan ciwon ƙunar ganye ne da ke addabar manoman Filato da damina, shi ne ya jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa tun daga 1845. Shi sanyi da laima yake so, busasshiyar iskar hunturunmu ba ta yi masa daɗi, amma irin da ke ɗauke da shi ruɓewa yake a rami.

Ɗalibi, Dundaye

Ina da tambaya a kan wannan, don mu ma a gida mun yi shekara 3 muna yi. Shekarar farko mun samu sosai. Sai mahaifina ya ware ƙananan ya ajiye su a ɗaki ƙarƙashin gado don iri. Daga Maris zuwa Nuwamba wata 8 ne, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Kafin damina ta tsaya yawancinsu sun motse kamar busasshen goro, wasu tsutsa ta huda su ta bar baƙin kashi a bakin ido. 'Yan da suka rage muka shuka, suka fito gajeru, ganyen ƙasa ya naɗe sama kamar cokali, in ka taɓa yana ƙara kamar takarda, wasu kuma ganyen ya yi dabbare-dabbare. Ba su mutu ba, amma 'ya'yan kamar ƙwallon goruba ma ba su kai ba. Mahaifina ya ce ƙasar ce ta gaji, ya ƙara taki, bai canza komai ba. Shi ma ciwon iri ne?

Tsohon malamin gona, Runjin Sambo

Shi ne, ɗana. Wannan ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, darɓa ce ke ɗaukarsa daga shuka zuwa shuka, ya sauka cikin 'ya'yan. Kuma ka lura da abin da mahaifinka ya yi ba da saninsa ba: shuka mai ciwo ita ce ke haifar ƙanana, shi kuma ƙananan ya ware. Ka ga ya zaɓi masu ciwon da hannunsa. Wanda zai ajiye iri, tun shuka tana kore yake kafa tsinke a gindin masu lafiya, ranar tono ya ɗebi irinsa daga gare su kaɗai. Amma ra'ayina, a Sakkwato ajiye irin dankalin turawa daga hunturu zuwa hunturu wahala ce da ba ta biya, sai mai ɗakin sanyi. Gara a sayi sabo duk shekara.

Malama, Bado

To a ina ake samun mai kyau? Kullum ana cewa a sayi ingantaccen iri, amma mai kunya 5 a bayan gida wa zai sayar masa da kwano 2?

Mai lambu, Wamakko

Malama, tambayarki ita ce tawa shekarun baya. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa tana da reshen dankalin turawa a Kuru kusa da Jos, kuma a Filato akwai manoman da sana'arsu fitar da iri ce, daban da masu noman na ci. Mu abin da muka yi, mu 7 muka haɗa kuɗi, wani ɗan'uwanmu direba da ke bin hanyar ya kai mu ga manomi ɗaya da ya yarda a ga gonarsa tun shuka tana tsaye a watan Yuli. Ya ɗauko mana hoto, babu gurbin da aka tuge, babu mai yaushi. Daga girbin daminar nan muka sayi buhu 1 na irin da ake kira Nicola, aka ajiye mana can cikin sanyinsu har ƙarshen Oktoba, ya iso da tsironsa muka raba. Sabon tono ba ya fitowa nan take, sai ya yi wata 2 zuwa 3 yana barci, shi ya sa na damina yake dacewa da shukar Nuwamba. Ya fi na kasuwa tsada, ban ɓoye ba. Shekara 2 ke nan dai ban tuge gindi ko ɗaya ba.

Kuma kada a makara. Wanda ya kai ƙarshen Disamba bai shuka ba, zafin ƙarshen Fabrairu zai riske shi kafin ya cika kwana 90, kuma da ƙasa ta yi zafi ba ya ƙara 'ya'ya, sai ganye. Ga shi zafin ne ciwon yaushin yake so.

Uwargida daga Mabera

Ni abin da nake son ji, waɗanda suka rage masa in sun yi 'ya'ya ana ci? Kar a ba yara abin da zai cutar da su.

Baba na Kwalkwalawa

Ana ci, ɗiyata. Ciwon shuka na, ba shi kama mutum. Wanda kinka yanka kinka ishe shi hwari tas ki dahwa. Mai zobe da mai wari a yar. Wanda rana tat taɓa yay yi kore shi na ba a ci, ko bisashe kak ki ba. Ɓawon da ruwan wankin dai kak su koma garka, kuma ko guda kak a aje don iri.

Mai garka, Arkilla

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Ga inda nake bayan kwana 9. Na tuge gindi 11, biyar masu ciwo da shida na kusa da su. Wallahi tuge masu koren nan ya fi komai yi mini nauyi, sai da na tsaya na daɗe kafin in sa hannu, har da ƙananan 'ya'ya a jikinsu. Na ƙone su a tsohon rabin durom. Na yi shinge da ƙasa tsakanin dankalin da tumatir, ina ba kowanne ruwa da bokitinsa. Daga ranar zuwa yau gindi 1 ne ya ƙara kwantawa a kunya ta huɗu, shi ma na cire. Tumatir guda 2 da ke bakin inda ruwan yake taruwa sun yi yaushi shekaranjiya, na gwada su a kofi, zaren ya fito, na tuge. Sauran suna tsaye.

Malam, sauran tambayata ita ce ƙasar. Garkar ke nan gare ni, ba ni da wani wurin da zan koma.

Tsohon malamin gona, Runjin Sambo

Ɓangaren da dankalin yake da inda ruwansa ya bi, ka hana shi duk dangin tumatir aƙalla shekara 3, in ka iya 4 ya fi. Sa albasa, tafarnuwa, karas, kabeji, salak, da damina kuma masara ko gero. Duk dankalin da ya tsira da kansa daga wanda aka manta a ƙasa ka tuge shi, don shi ke riƙe ciwon. Sannan ka ci moriyar bazararmu: in ka tone a Fabrairu, cikin Afrilu ka kafce wurin, ka jiƙa shi sosai, ka shimfiɗa farar leda mai haske, ka danne gefunan da ƙasa kada iska ta shiga, ka bar ta sati 6. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage ƙwayoyin da ke saman ƙasa sosai, har da tsutsar da ke sa saiwar tumatir ƙulli. Ragewa yake yi, na can ƙasa suna nan, don haka shekarun nan sai ka cika su. Tumatir na baɗi ka yi shi a buhunan siminti da ƙasar da ka ɗebo daga wani wuri, ka ɗora su a kan bulo can ɗaya gefen.

Mai garka, Arkilla

To Malam, haka za a yi insha Allah. Mai lambu na Wamakko, in za ku haɗa kuɗin iri na baɗi a sa da ni, kwano 2, a buhu zan shuka shi. Malama ta Bado ma ina jin za ta shiga.

Mai lambu, Wamakko

An sa ku. Cikin Yuni za mu fara magana, kafin direban ya tafi ganin gonar.